Kafin a zuba ifoksi, a tabbata daɓen ya bushe har ciki

A Katsina hunturu ne ya fi yaudarar masu fentin daɓe. Iska ta kaɗa, cikin mako biyu saman kankare ya yi fari fat, mai gida ya taka ya ce ya bushe ƙayau, a zuba ifoksi, wato fentin daɓe mai tauri da ke rufe saman kankare ruf. Ruwan Agusta na sauka sai fentin ya fara kumburo kamar bororon ƙuna, ka fasa ɗaya ka tarar da ruwa a ciki. Danshin da ke ƙasa ne ya taso da gishirin siminti, ya iske an toshe masa hanya, ya ɗaga fentin.

Kwana 28 ɗin da magina ke faɗa lissafin ƙarfin kankare ne, bushewa kuwa zancenta daban. Ƙiyasin da aka saba shi ne wata guda ga kowane inci na kauri, wato daɓen inci huɗu ya kan nemi wata huɗu. Zafinmu yana rage wannan, amma ba a yanke hukunci da kalanda.

Gwaji mafi sauƙi shi ne na leda. A samu farar leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, a share wurin, a manne gefunan huɗu da salatif mai faɗi yadda iska ba za ta shiga ba. Idan akwai tsohon fenti, a goge shi tukuna har a ga siminti. A bar ta awa 16 aƙalla, kwana guda ya fi, kuma kada rana ta doke ta. Da an ɗaga, idan akwai raɓa a cikin ledar ko simintin ya yi duhu, a mayar da murfin bokitin ifoksi, babu zancen fenti. Leda ɗaya ga kowace murabba'in mita 46, kuma a zaɓi wuraren da ake zargi: gindin bangon banɗaki, kusurwoyi, da bangon da indararo ke zuba a bayansa. Tsakiyar falo sau da yawa shi ke fara bushewa, shaidarsa ba ta da nauyi.

Sai dai leda idan ta jiƙe gaskiya ta faɗa, idan ta fito a bushe ba lallai ba ne, balle a watan Janairu. Shi ya sa babban aiki, irin ɗakin ajiyar kaya ko shagon magani, yake bukatar na'ura. Mitar auna danshi da ake ɗorawa a sama zurfin santimita biyu kawai take ji, kuma yawancin masu haɗa ifoksi suna son kada danshin da ta nuna ya wuce kashi 4 cikin 100. Wadda ta fi aminci ita ce ta rami: a huda kashi 40 cikin 100 na kaurin daɓen, wato santimita 4 a daɓen santimita 10, a zura ma'aunin, a toshe, a jira awa 24. Iyakar da aka fi sawa ita ce kashi 75 cikin 100 na danshin iskar cikin ramin, amma a duba takardar kamfanin fentin.

Idan gwaji ya faɗi, a nemo inda ruwan ke fitowa. Na kwaɓi ne? Fanka da buɗe tagogi da haƙuri sun isa. Bututu ne ke yoyo? A kira mai gyaran famfo. Wanda ya fi ciwo shi ne ginin da ba a shimfiɗa leda ƙarƙashin kankare ba, musamman filin da aka cike kududdufi. Nan ko shekara aka jira danshi ba zai yanke ba, sai dai a fara da shafin farko (fentin da ake shafawa kafin ifoksi) mai tare danshi, ko a haƙura a sa tayil.

Kuma kada a wanke daɓen da ruwa ana gobe fenti, kamar yadda lebura kan yi don neman tsabta. A goge da inji, a zuƙe ƙurar. A zuba shafin farko da yamma lokacin da kankare ke hucewa, domin da hantsi iskar cikinsa fitowa take yi, ta bar ƙananan huji a fentin.