Abin da daren Kojagari ya gyara mini a bincikena

Lokacin da na je birnin Kolkata karatun digiri na biyu a fannin tattalin arziki, na tafi da yaƙinin cewa na san Indiya, domin na tashi ina kallon finafinansu kamar sauran yaran unguwarmu. A zatona bikin Lakshmi, wadda mabiya addinin Hindu suke ɗauka a matsayin allahiyar arziki, shi ne Diwali, bikin fitilu, ba shi da na biyu. Da wannan guntun sani na tsara fita tattara bayanai a kan yadda mata masu ƙananan sana'o'i suke tanadin kuɗi, na kuma sa ranar farawa Lahadi, 9 ga Oktoba, 2022, ba tare da na nemi shawarar kowa ba.

Abokin karatuna da ya yarda zai yi mini tafinta ya dubi takardar ya yi murmushi, ya ce babu matar da za ta saurare ni a ranar, domin ranar bikin Lakshmi ce a wajensu. A jihar Bengal ta Yamma, inda Kolkata take, ana bikin Lakshmi ne a daren da watan Ashwin na kalandarsu ya cika, kwana huɗu ko biyar bayan kammala Durga Puja, wato bikin allahiyarsu Durga, yayin da a daren Diwali, wanda yake zuwa cikin duhun wata, jama'ar jihar sun fi mayar da hankali ga wata allahiyar mai suna Kali. Sunan daren Kojagari, daga wata jimlar Sanskrit, tsohon harshen Indiya, mai ma'anar "wa yake farke?", domin sun yi imani cewa Lakshmi tana zaga gidaje tana wannan tambaya, ta sa albarka ga wanda ta tarar idonsa biyu. Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne ranar ta dace da 12 ga Rabi'ul Awwal a lissafin Musulmin Indiya, alhali su Hindu suna ƙirga ta a matsayin ta sha biyar. Daga baya na gane cewa su daga haɗuwar rana da wata suke fara ƙirge, mu kuwa sai an ga jinjirin wata.

Tunda aiki ya watse, na amsa gayyatarsa zuwa gidansu. Tun daga bakin ƙofa ƙannensa mata sun zana alpana da ƙullun shinkafa, wato furanni da zangarniyar shinkafa da 'yan ƙananan sawaye masu fuskantar cikin gida, alamar shigowar Lakshmi. Kusa da gunkin akwai siffar mujiya, wadda ita ce abin hawanta, kuma sai da na danne mamakina, ganin tsuntsuwar da ake gudu a wajenmu ta samu irin wannan matsayi. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Mashima kamar yadda ake kiran uwar aboki a can, ta san ni Musulmi ne, saboda haka tun kafin a gabatar da abinci a gaban gunkin ta ware mini kwano na naru, wani dunƙulen alewar kwakwa da mazarƙwaila. "Ɗana, wannan bai je wajen bauta ba, ka ci hankalinka kwance," in ji ta. Na zauna a baranda har suka gama ibadarsu, babu wanda ya matsa mini, ni ma ban tsoma baki ba.

A wannan zama ne na hango kuskuren da ya fi na zaɓen rana girma. Tambayoyina duka a kan asusun banki da kuɗin hannu suke, amma da hira ta yi daɗi sai Mashima ta nuna mini wani jan asusu na yumɓu da take jefa tsaba a ciki, irin wanda kakata take fasawa idan Salla ta matso. Sunansa Lakshmir bhandar, wato taskar Lakshmi, kuma wannan suna ne gwamnatin jihar ta laƙaba wa shirin tallafin wata-wata da ta fara bai wa mata a 2021. A wajenta gida mai arziki shi ne wanda shinkafa ba ta yankewa a cikinsa, kuma uwargida tana da abin fasawa ranar da ta ɓaci. Da na fita da takardata yadda take, da na rubuta mata irinta a jerin waɗanda ba sa tanadi, kuma da babu wanda zai gano kuskuren a cikin alƙalumana.

Na ɗage fitar da mako guda, na sake rubuta tambayoyin, na ƙara asusun gida da ajiyar hatsi da 'yan kunnen zinariya. Na kuma sayi panjika, littafin kalandarsu da ake sayarwa a gefen titi, abokina ya riƙa karanta mini shi kafin in sa kowace rana.