Minti biyu da rabi

Wata huɗu muka yi ni da ɗalibaina muna haɗa mutum-mutumi don gasar FIRST LEGO League, kullum bayan la'asar, wani lokacin ma ba wuta sai mun kai batir caji shagon maƙwabta, kuma duk wahalar nan a minti biyu da rabi ake gwada ta, iya tsawon zagaye ɗaya kenan.

Ranar gasa sensa mai gane launi ta rikice don hasken zauren ya fi na ajinmu, mutum-mutumin ya saki layi ya je ya daki bangon tebur. Wallahi har yau ina ganin yarinyar da ta tsara masa umarni a kwamfuta, ta ƙura wa tebur ido hannunta na rawa.

Da sati ya zagayo uku kawai suka zo cikin tara, abin ya tsaya min a rai don ni ne kullum zancena kofi kofi. Sai na ba su labarin 'yan matan Afganistan da aka hana biza sau biyu a 2017 amma suka isa gasar mutum-mutumi ta FIRST Global a Amurka. Ita kuwa yarinyar cewa ta yi, Malam a kunna duka fitilun ajin mu sake gwada sensar.