Wayar da ke reto a gaban mota

Laraba, Legas.

Da safe aka kawo mana wata babbar mota daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can, tokumbo ce daga Kanada, mai ita yana so a duba ta kafin ta fara jigilar kaya zuwa Arewa. Ina ƙarƙashinta ina duba baƙin mai, sai yaron gareji ya ƙwala min kira: "Oga, ga wata waya tana reto a gefen bamba, da fulogi mai ƙafa uku. In jona ta a janareta mu gani?"

Na ce kul, kada ya kuskura.

Hitar ruwan inji ce. Ƙarfe ne irin na hitar dafa ruwa, an ɗaura shi a jikin inji, yana nutse cikin ruwan lagireto. A can Kanada idan sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri, baƙin mai yakan yi kauri kamar zuma, batir ya yi sanyi, injin dizal ya ƙi tashi. Sai a jona wayar awa biyu zuwa huɗu kafin tafiya, ruwan ya ɗumama injin. Amma wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Da a ce yaron ya jona, zafin da za ta yi ya kusa ninkawa huɗu, ga robar wayar duk ta tsattsage, har jan ƙarfen ya leƙo. Mun cire wayar, muka bar ƙarfen a mazauninsa, don in an zare shi ruwa zai zube. A garin da zufa ke karyo mana tun hantsi, ba abin da za ta yi.

Bayan isha'i, ina gida a Agege, na kira ƙanena da ya fara tuƙin babbar mota a birnin Winnipeg na Kanada. Wannan ne hunturunsa na farko a can, kuma abin ya tsaya min a rai tun safe. Ya ce, "Yaya, ai kullum sai na jona tawa."

Na tambaye shi wace irin waya yake ƙarawa, ya ce wadda ya samu a gida. Gabana ya faɗi. Hitar babbar mota tana jan wat 1,000 zuwa 1,500, siririyar wayar ɗaki ba za ta ɗauka ba, zafi za ta yi ta kama da wuta cikin dare kowa na barci. Na ce ya sayi mai kauri ta waje, mai ƙafa uku, kada ya bar mahaɗar cikin dusar ƙanƙara. Ya riƙa duba ruwan lagireto, domin ƙarfen in ya yi zafi ba ruwa ƙonewa yake. Kuma ya zare fulogi kafin ya tayar da mota, kada gaggawar asuba ta sa ya ja ta da wayar a jone.

Ya ce zai saya ranar Asabar. Na ce a'a, gobe, kuma ya turo min hotonta ta WhatsApp in ga kaurinta da idona.