Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Shekarar da Masu Digiri Suka Yi Mini Layi

A makon jiya na tsaya a kan watan Disambar 2022, lokacin da gwamnatin Sin ta janye dokokin kullen korona kusan a dare ɗaya, aka kwashe shingayen da suka raba unguwannin Gwanzu, mu kuma 'yan kasuwar da muka yi saura a birnin muka shiga kaɗe ƙurar ofisoshinmu. Dukkanmu mun ɗauka cewa da zarar an buɗe ƙofa, harka za ta dawo yadda muka san ta kafin 2020. Yau zan ba da labarin abin da ya fara nuna mini cewa ƙasar da ta fito daga kulle ta sauya, musamman ga matasanta.

Matar da ta daɗe tana yi mini tafinta da lissafi ta koma garinsu a lokacin annobar, ta yi aure, ta aiko mini cewa ba za ta dawo ba. Aikina kuwa, kamar yadda masu bin wannan tarihi suka sani, shi ne saro shadda da leshi da yadin maza ga 'yan kasuwar Kantin Kwari, da bin kayan daga masana'anta zuwa sito har a loda su a kwantena. Sinancina na ciniki ne, ya ishe ni in yi tayi, in yi faɗa idan an sauya mini launi, amma bai kai ga karanta takardar yarjejeniya ba. Saboda haka a farkon 2023 na sa wani maƙwabcin ofishina ya rubuta mini sanarwar neman ma'aikaci a ɗaya daga cikin manhajojin waya da suke amfani da su, muka sa albashi yuwan 5,000 a wata, ba wurin kwana.

Shekarun baya, samun ɗan ƙasa mai jin Turanci wanda zai yarda ya yi wa Ba'afirke aiki a unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi taruwa a Gwanzu, abu ne mai wuya. Wanda ya zo ma yakan kasance mai takardar sakandare, kuma ranar da ya ga wani kamfani mai tambari, ranar zai ajiye maka makullanka. Wannan karon kuwa, kafin in yi sallar la'asar ta washegari wayar ta cika da saƙonni. Akwai mai digirin lauya, akwai injiniya, akwai wata yarinya da ta yi digiri na biyu a Ingila, wadda na tabbata kuɗin karatunta na shekara guda ya fi abin da zan biya ta a shekara biyu. Na tambayi maƙwabcin ko dai ya yi kuskure wajen rubuta adadin albashin. Ya duba, ya yi dariya, ya ce komai daidai yake, zamani ne ya zo da haka.

Wanda na ɗauka wani saurayi ne ɗan shekara 25 daga wani ƙauye a lardin Jiangxi, kuma ba zan ambaci sunansa ba. Ya zo mini sanye da baƙar kwat a cikin zafin Gwanzu mai sa mutum gumi ko yana zaune, hannunsa riƙe da jakar roba mai ɗauke da takardunsa, kowacce an lulluɓe ta da leda. Ya karanci Turanci da kasuwancin ƙasa da ƙasa. Na lura bayan wuyansa da bayan hannayensa sun ƙone da rana, ba irin fatar mai zaman ofis ba, sai na tambaye shi inda yake aiki. Ya sunkuyar da kai ya ce yana kai wa mutane abinci a kan babur mai batir.

"Maigida," in ji shi, "na aika takarduna wurare har na daina ƙirgawa. Wayar takan nuna mini an buɗe an karanta, amma ba a ba da amsa."

A hankali, cikin makonnin da muka yi muna zirga-zirga tsakanin kasuwa da sito, na ji sauran labarinsa. Da ya gama jami'a a 2020 ya sami koyarwa a wata cibiyar darussan bayan makaranta, irin waɗanda iyaye ke biya don 'ya'yansu su ci jarrabawa, kuma a lokacin wannan sana'a tana cikin manyan masu ɗaukar sabbin masu digiri. A watan Yulin 2021 gwamnati ta hana koyar da darussan makaranta don neman riba, da hujjar rage wa yara da iyayensu nauyi. Kamfanin New Oriental kaɗai ya sallami ma'aikata 60,000 a wannan shekara, balle ƙananan cibiyoyi irin tasu, wadda ta rufe kafin sanyi ya shigo. Abokansa da suka karanci kwamfuta su ma ba su tsira ba, domin tun da aka dakatar da sayar da hannun jarin kamfanin Ant a Nuwamban 2020, aka ci tarar Alibaba yuwan biliyan 18.2 a Afrilun 2021, manyan kamfanonin intanet suka rage ɗaukar sabbin hannu, wasu suka koma sallama.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne maganar gida. Mahaifinsa ya shafe ƙuruciyarsa yana ɗinki a masana'antun lardin Guangdong, ya tara abin da ya tara, ya haɗa da rancen dangi, ya biya kafin alƙalami na wani ɗaki da falo a babban garin yankinsu tun ana haƙa harsashi, domin a can haka ake sayen gida, kuma saurayin da ba shi da gida da wuya a ba shi mata. Ginin ya kai wani hawa ya tsaya. Ya nuna mini hoton a wayarsa: siminti tsirara, tagogi ba gilashi, ciyawa ta fito a inda aka ce za a yi filin wasan yara, ga shi banki kuma yana cire nasa duk wata. Ba su kaɗai ba ne. Tun da hukuma ta ƙayyade bashin da kamfanonin gine-gine za su iya ci a 2020, manyansu suka fara tangaɗi, har Evergrande mai bashin sama da dala biliyan 300 ya kasa biya a ƙarshen 2021, kuma a 2022 masu sayen gidaje a garuruwa da dama suka yi barazanar daina biyan banki har sai an gama musu gini. Iyalai da yawa a ƙasar dukiyarsu duka a jikin bango take, to idan bangon ya rage daraja, kowa sai ya ƙulle bakin aljihunsa, mai kanti ya rasa ciniki, ya fasa ɗaukar yaro.

Wata safiya muka je kasuwar yadi ta Zhongda, muka ratsa ta unguwar Kangle, inda ƙananan masana'antun ɗinki suke cunkushe a lunguna. Abin da ke faruwa a titin nan ya kamata duk mai maganar rashin aiki a Sin ya gani. Masu masana'anta ne da kansu suke tsaye a jere, kowa ya rataya samfurin riga ko wando a hannu, da ɗan kwali mai ɗauke da kuɗin ɗinkin kowane guda, suna jiran tela ya zo ya duba ya taya. Telolin kuwa, mafi yawansu 'yan lardin Hubei, sun manyanta, da wuya ka ga matashi a cikinsu. Sukan ɗaga rigar, su juya ta, su ƙirga layin ɗinki, su ajiye su wuce gaba idan farashin bai yi musu ba. Na dubi yaron na ce masa, ga aiki nan yana neman mai yi, kuma telan da hannunsa ya faɗa yana iya samun fiye da abin da nake biyansa.

Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce: "Maigida, mahaifina ya yi shekara 20 a kan keken ɗinki don kada in hau shi. Idan na hau, da wane baki zan gaya masa?"

Na sha jin dattawan Sinawa da muke hulɗa da su suna cewa yaran yanzu sun sangarce, ba sa son wahala. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba, domin wanda ya yi yini yana hawa bene da ƙunshin abinci a hannu, yana gudun kada manhaja ta yanke masa kuɗi saboda jinkirin minti biyar, ba a kira shi rago. A ganina alkawari aka yi musu, alkawarin kuma ya warware a hannunsu. An ce wa yaro ya haƙura da wasa, ya yi karatu dare da rana, ya ci babbar jarrabawar shiga jami'a, wadda a 2023 mutum miliyan 12.91 suka yi rajistarta, sauran kuma za su biyo baya. Iyaye suka gaskata, gwamnati ta faɗaɗa jami'o'i tun daga 1999, har masu kammalawa suka tashi daga wajen miliyan 1 a shekara ta 2000 zuwa miliyan 11.58 a 2023. Kujerun ofis ba su ƙaru da wannan sauri ba. Iyayen sun zama kamar manomin da ya sayar da shanunsa ya sayi taki, ya zuba a gona, damina ta ƙi sauka.

Mu ma muna da masu digirin da ke zaune, kuma ba na raina tasu wahalar. Sai dai a Kano wanda ya gama bautar ƙasa bai sami aiki ba yana da yayan da zai zauna a shagonsa, ko kawun da zai ba shi kaya ya zagaya da su. Wannan yaro shi kaɗai ne, domin a zamanin da aka haife shi, a ƙauyukansu sai wanda ya fara da 'ya mace ake bari ya ƙara haihuwa. Iyaye biyu da kakannin da suka rage duka shi suke kallo, kuma fanshon manomi a can ɗan kaɗan ne.

A tsakiyar Yulin 2023 hukumar ƙididdiga ta sanar cewa rashin aikin matasan birane 'yan shekara 16 zuwa 24 ya kai kashi 21.3 cikin ɗari a watan Yuni, adadin da ba a taɓa kaiwa ba tun da aka fara fitar da shi. Da yaron ya karanta mini labarin sai ya yi murmushi ya ce shi ko a bara ba ya cikin lissafin, domin duk wanda ya yi aikin awa guda a mako ana ƙirga shi cikin masu aiki, balle mai kai abinci. A watan Agusta hukumar ta ce ta dakatar da fitar da adadin don gyara hanyar lissafi. Sai a Janairun 2024 ta dawo da shi bayan ta cire ɗalibai, ya sauka zuwa kashi 14.9, kafin ya sake hawa zuwa 18.8 a Agustan shekarar. Shawarar da ta fito daga sama kuwa ita ce matasa su koyi jure wahala, kamar yadda shugaba Xi Jinping ya yi aikin gona a wani ƙauyen Shaanxi tun daga 1969, kuma lardin Guangdong ya fito da shirin tura matasa 300,000 karkara. Yaron bai taɓa cewa uffan a kan wannan ba, ni ma ban tambaye shi ba, domin baƙo a ƙasar mutane ya kamata ya san iyakar bakinsa.

Wasu daga cikin abokan karatunsa sun koma gidan iyaye suna shara da cefane, ana ba su ɗan abin kashewa duk wata. Wasu sun ce sun haƙura da gida da aure da haihuwa, za su nemi abin da zai ishe su ci kawai. Shi bai kai nan ba tukuna. Ya roƙe ni in bar masa makullin ofis, domin ɗakin da suke haya su huɗu ba ya karatuwa, kuma duk daren da na dawo ɗaukar wani abu nakan tarar da shi a tsakanin ɗaurin samfurin shadda, da kofin taliyar da ake zuba wa ruwan zafi a gefensa, yana bitar tambayoyin jarrabawar shiga aikin gwamnati. Aikin gwamnati shi ne abin da suke kira kwanon shinkafa na ƙarfe, wanda ba ya fashewa. A ƙarshen Nuwamban 2023 ya zauna jarrabawar, a shekarar da sama da mutum miliyan 3 suka cancanci nema a kan gurbi 39,600. Bai samu ba. Ranar da sakamako ya fito ya zo aiki a kan lokaci, ya kira masana'anta a kan wani kaya da aka jinkirta mana, ya yi musu faɗan da ban taɓa jin ya yi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙasar ta durƙushe. Jiragen ƙasa suna tafiya a kan lokaci, wuta ba ta ɗaukewa, hukuma ma ta ce arzikin ya ƙaru da kashi 5.2 cikin ɗari a 2023. Amma mai saro kaya yana da nasa ma'aunin. Masana'antun da a da sai na yi musu magiya su karɓi ƙaramin oda, su ne yanzu suke kirana, suna rage farashi tun ban taya ba, suna cewa in ɗauka in biya daga baya.

Da a ce aljihunmu yana da nauyi, da wannan shekara ta zama ta riba. Sai dai a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuma kafin shekara ta ƙare alhazan Kwari da ke cika kwantena su kaɗai sun koma haɗa kuɗi su uku su huɗu a kan guda ɗaya, wasu ma sun daina kira. Kamashona ya ragu har ya zama kuɗin hayar ofis da albashin yaron sun fi abin da ke shigowa. Shi ne mai riƙe da littafin lissafi, saboda haka ya riga ni ganin inda muka dosa, kuma shi ya fara kawo maganar, ya ce in rage masa yuwan 1,000 in bar shi ya ci gaba da zuwa. Abin da na yanke a kan wannan tayi nasa, da tafiyar da muka yi tare zuwa Yiwu, birnin sarin ƙananan kaya, neman sabuwar harka, su ne za mu ɗora a kai a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.