'Yarmu ta iso gida, ga godiyata

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Yau kwana tara da saukarmu a filin jirgin Dulles a Amurka kuma sai yau na iya zama in riƙe waya in yi rubutu. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, da masu saƙon WhatsApp da har yanzu ban buɗe ba, dan Allah ku yafe mani, ba wulaƙanci ba ne, barci nake yi kamar wadda aka yi ma dukan tsiya. Shekara huɗu da ɗoriya ni da Baban yarinya ba mu san barci mai nauyi ba, waya a ƙarƙashin filo, ko saƙon talla ne ya shigo imel sai gabana ya faɗi. To yanzu 'yar da muka ɗauko riƙo daga Najeriya ga ta nan a ɗakin da muka yi ma fenti tun 2019, ta ƙi gadon ma, wai ya yi laushi da yawa, a ƙasa take shimfiɗa zanen Goggo, wadda ta riƙe mana ita a Jos, ta kwanta. Ubangiji ya yi abinsa.

Ba zan koma farko ba, da ku aka yi komai, ku kuka yi azumin ku kuka ji kukan. Sai dai akwai masu tambayata har yanzu wai ba tun tuni kotu ta ba ku yarinyar ba, me ya riƙe ku, to bari in amsa sau ɗaya in huta. E, kotun iyali a Jos ta ba mu, bayan na ajiye aiki na je na zauna da ita wata uku a jere yadda doka ta ce. Amma takardar kotu daban biza daban. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993 kan riƙon yara tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda haka duk yaron da za a kawo Amurka sai an yi bincike na musamman a tabbatar maraya ne da gaske, ba sato shi aka yi ba, ba sayo shi aka yi ba, kuma kowa ya san gidajen nan da ake sayar da jarirai a ƙasarmu su suka ja mana wannan. Ban ga laifin binciken ba, ni ma da tawa ce ta ɓata zan so a tona ko'ina. Abin dai shi ne kana zaune kana jira takardunka suna mutuwa a hannunka. Dangwalen yatsu wata 15 yake yi ya mutu, sau huɗu muka je muka dangwala, matar da ke zuwa duba gida kuwa ta zo ta sake zuwa har ta san inda nake ajiye ganyen shayi. Ana cikin haka korona ta shigo a Maris 2020, aka rufe ofisoshi aka rufe filayen jirgi, sai Satumba jiragen waje suka dawo sauka Legas da Abuja. Muna murna an buɗe, Maris 2021 kuma Ingila ta sa takunkumi kan ɗauko yaran riƙo daga Najeriya, wata 'yar'uwa da muke addu'a tare daga can ta kira ni tana kuka ko magana ba ta iya yi, ni kuma daga ranar kullum na farka sai na duba ko nan ma sun bi sahu. Ita har yau nata bai zo ba, kar ku manta da ita dan Allah.

Dare ɗaya ne ya sa na ɗauki wayar nan yau.

Agusta 2021, bayan kashe-kashen da aka yi a hanyar Rukuba, aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa. 'Yan Jos kun san yadda unguwar Goggo take, layin nan coci layin can masallaci, kuma idan gari ya ɗau zafi ba mai tsallaka kwalbatin tsakiya ko da rana tsaka. Ina aikin dare a asibiti a nan, wajen ƙarfe tara, can gida biyun dare ke nan, sai ga kiran Goggo. Goggo ba ta kira a irin wannan lokacin. Na shige ɗakin ajiyar magani na turo ƙofa na ɗauka, ba gaisuwa ba komai, sai "ke, yarinyar nan tana jijjiga". Ba wuta, da tocilan take haska mani ita, ina ganin idanu sun juye, jiki na karkarwa, kumfa a baki, Goggo ta ɗauko cokali za ta cusa mata irin na mutanen da, ni kuma ina ihu ƙasa-ƙasa don kar a ji ni a waje, Goggo kar ki sa cokali, ki juya ta gefe, ki cire mata riga, ki jiƙa tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi ki goga mata. Jama'a ni nas ce fa. A lokacin ina tsaye tsakiyar magunguna daga ƙasa har sama, duk abin da yarinyar nan take bukata ga shi nan hannuna zai kai, kuma ko ƙwaya ɗaya ba zan iya miƙa mata ba. Farasitamol ɗin Goggo ya ƙare tun jiya, ba kanti ba kemis, sojoji a bakin titi.

Ban yi wata addu'a mai kyau ba, kar in yi maku ƙarya. Abin da ya fito bakina kawai shi ne, Yesu in za ka ɗauke ta me ya sa ka nuna mani ita. Sai wayar ta mutu, cajin Goggo ya ƙare. Na kira na kira, a kashe. Na wanke fuska na fito na je na ba wani tsoho maganinsa na dare, yana mani godiya ina masa murmushi, ban san ko ɗiyata tana numfashi ba.

Can wajen minti arba'in sai ga kira daga lambar da ban sani ba, muryar namiji. "Maman yarinya ce? Ni ne mai kemis na bayan layi." Alhaji mai kemis. Matarsa ce ta ji kukan Goggo ta katanga ta tashe shi. Dattijo mai ciwon gwiwa ya haura katanga biyu ta baya da leda a hannu, a daren da ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya ya ƙi buɗe maka ƙofa ba za ka ga laifinsa ba. Ya ɗiga jininta a ɗan abin gwajin maleriya, layi biyu ya fito, ya karanto mani sunan allurar da ke hannunsa ya tambaye ni nauyinta, muka yi lissafi ni da shi a waya kamar mun shekara muna aiki tare, ya yi mata. Ya zauna kan bencin Goggo yana jan carbinsa Goggo na gefe tana kiran Yesu, bai motsa ba sai da zufa ta karyo mata ta buɗe ido ta nemi ruwa. Da gari ya waye aka samu wani jami'in tsaro ya raka su asibiti. Kuɗi kuwa ya ƙi, na aika ya dawo da shi, na sake aikawa ta hannun Goggo ya ce mata in ta ƙara zai daina gaishe ta. Ya kuma ce kar in ambace shi, don unguwa unguwa ce mutane na da baki. Alhaji ka yafe ni, ban faɗi suna ba amma shiru ya fi ƙarfina. Allah ya tsare ka da Hajiya da yara, ya warkar da gwiwar nan, ya sa 'ya'yanka su samu mai haura katanga dominsu ranar da ba ka kusa.

Za ku zaci bayan wannan bangaskiyata ta ƙaru. Bushewa na yi. Wata uku cur ba na iya addu'a, in na durƙusa sai in ji haushi kawai. Masu ƙarfafa ni kowa sai ya ce ki tuna Ibrahim da Saratu shekara 25 suka jira, ni kuma a zuciyata ina cewa ai Saratu ba ta kalli Ishaku yana girma cikin waya ba. Don lokacin ne yarinyar ta fara kirana Maman waya. Goggo ta ce zo ki gaida Mamanki, ta ce wace, ta waya? Ta zo ta ɗaga mani hannu ta koma wasanta. Rigar sanyi sau uku ina saye tana mata kaɗan tun ba ta sa ba, in ninke in kai coci a ba wani. Akwai ayar Habakuk 2:3 da na manna jikin firij, mai cewa ko abin ya yi jinkiri a jira shi zai zo, wata rana na dawo aiki na yage ta na jefa kwandon shara. Da safe na tarar Baban yarinya ya ɗauko ya liƙe da salatif ya mayar, bai ce mani uffan ba. Tana nan har yanzu da tabon miya a jiki.

Mama Pasto, ke kaɗai na faɗa ma gaskiya cewa na daina addu'a, ina jiran wa'azi, sai kika ce to ki huta, ai da hannun Musa ya gaji Haruna da Hur ne suka riƙe masa, bai riƙe da kansa ba. Daga nan kika raba ma Zumuntar Mata kwanaki, kowace da ranarta, na nan da na gida. Ni ban ma sani ba sai daga baya da wata tsohuwa a Jos da ban taɓa gani ba ta riƙe hannuna bayan sujada ta ce ni ce mai ranar Laraba. Na tsaya a bakin coci ina kuka kamar yarinya. Mama mai ranar Laraba, na gode. Mama Pasto, na gode, ban da abin biyanki.

Goggo. Ina zan fara. An ce miki wata shida, kika yi shekara huɗu, da fanshonki na malamar firamare da ba ya zuwa kan lokaci. Ke kika yi goyo, ke kika yi wankin kashi, ke kika koya mata Addu'ar Ubangiji da Hausa, kuma kullum dare kina nuna mata hotona kina cewa ga uwarki nan ni riƙo nake yi, alhali kin san ranar da za a zo a ɗauke ta ke za a bari da ɗaki shiru. Ranar da muka taso kin ƙi raka mu tasha, kika ce ƙafa na miki ciwo, na san ba ƙafa ba ce. Kin cusa mana acca da kuka da daddawa a jaka kika juya baya. Har muka sauka Hawan Kibo yarinyar nan ba ta daina kiranki ba. Ubangiji ya ja kwananki Goggo, ya ba ki lafiya, ya sa ki ci amfaninta da hannunki, ya share miki hawaye yadda kika share mana.

Baba Reveren da dattawan ikilisiya, na gode da wasiƙun da kuka yi ta rubutawa duk lokacin da aka ce a kawo sabuwa. Lauyanmu da ya daina karɓar kuɗi tun shekara ta biyu. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ta shiga ɗakin tsofaffin fayil cikin ƙura ta nemo takardar 'yan sanda ta ranar da aka tsinci yarinyar, wadda ba don ita ba da har yau muna nan. Abokan aikina da suka yi ta musayar dyuti da ni. 'Yan mawaƙa da kuka zo filin jirgi da anko cikin sanyin nan, Turawa suna ta kallonmu, ba mu damu ba. Da Baban yarinya, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar da aka miƙo fasfo da biza a ciki, ya zauna a bakin titi a Legas ya rufe fuska da hula.

Dangi kuma, to. Waɗanda suka tsaya sun san kansu kuma Allah ya san su. Waɗanda suka ce me ya sa ba za mu ɗauki ɗan ɗan'uwa ba sai jinin da ba a san asalinsa ba, na ji, ya wuce. Akwai masu gida tafiyar minti goma da gidan Goggo da shekara huɗu ba su leƙa da ko lemu ɗaya ba, na ga saƙonku na murna, na gode, Allah ya bar zumunci. Ban riƙe kowa ba, na dai faɗa ne don kar ya kwana a cikina.

Ya Uba, kai da Zabura ta kira uban marayu, kai da kake sa mai kaɗaici cikin iyali, ka karɓi godiyata duk da bakin da na yi maka. Ka tuna da matar da ta haifi yarinyar nan duk inda take, in tana raye ka ba ta salama, ni ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Ka tuna da duk mai jiran takarda a daren nan, mai jiran kotu, mai jiran biza, mai jiran haihuwa, mai ninke rigar da ta yi kaɗan. Ka ba Jos zaman lafiya, ka ba Filato zaman lafiya, kar wata uwa ta sake rasa hanyar asibiti saboda dokar hana fita. Cikin sunan Yesu, amin da amin.

Baikon godiya sai Lahadi ta sama bayan sujada ta biyu, za a yi masa da gwate, masu taimakon girki ku nemi shugabar Zumunta ba ni ba, ni kaina bai dawo daidai ba tukuna. Masu neman hoto ku yi haƙuri ba za mu sa fuskarta a intanet ba, ku zo ku gan ta. Ku ci gaba da addu'a kuma, don har yanzu tana farkawa tsakar dare tana neman Goggo, abincin nan duk ta ƙi sai dankali da kunun gyaɗa, kuma ba ta kira ni Mama kai tsaye ba tukuna, "ke" take ce mani. Jiya dai da ta ga dusar ƙanƙara ta taga ta ruga ta kama zanena ta ɓuya a bayana. Rigar sanyi ta huɗu ta yi mata daidai, hannun ne kawai na ɗan naɗe.