Kazar Juma'a ta kwantar da mu

Kai jama'a, makon nan na ji jiki. Ran Juma'a na biya kasuwa nan Bauchi na sayi kaza aka fige min a wurin, ruwan da ake tsoma kajin a rabin duro har ya yi kauri amma ban kawo komai a raina ba. Maman Abba ta yayyanka ta a kan katako, da wuƙar nan dai ta yanka kabejin salak, ɗauraya kawai ta yi. Washegari da daddare sai murɗar ciki da zazzaɓi da gudawa, ni da Abba muna ta layin banɗaki har asuba. Likita ta ce alamun wata ƙwayar cuta ce mai suna salmonella, a hanjin kaza take zama, wurin feɗewa take shafar naman, ko firiza ba ya kashe ta sai zafi ya ratsa naman ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius. Ashe dafaffiyar kazar ba ruwanta, salak ɗin ne, ni kuwa har ƙari na yi. Yanzu katako biyu ne a kicin, amma Maman Abba har yau cewa take tsiren da na ci a waje ne.