Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ni Kaɗai a Hanyar Jega

A makon jiya na tsaya a inda na fita takaba aka raba gado, motar marigayi ta faɗo cikin rabon yarana, dangi kuma suka amince a bar ta a hannuna domin kai su makaranta. Tuƙi a cikin garin Sakkwato bai taɓa ba ni tsoro ba, domin tun maigidana yana raye nake kai kaina wurin aiki, ina kutsawa tsakanin 'yan kabu-kabu daga Mabera har Runjin Sambo ba tare da gabana ya faɗi ba. Abin da ban taɓa yi ba shi ne fita bayan gari ni kaɗai, kuma da ba don ciwon Inna ba, da wataƙila har yau ban yi ba.

A farkon 2021 ne hawan jini ya kayar da ita a Jega, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Yayyena maza suna Kudu wurin neman abinci, babban ɗana kuwa bai gama firamare ba. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, idan kuma na taso daga makarantar da nake koyarwa ranar Juma'a na nufi tasha, sau da yawa sai rana ta yi sanyi sannan a kama hanya, a shiga Jega bayan magariba, ni kuwa ba abin da nake gudu a hanya kamar duhu. Shi ya sa na ƙudura in riƙa fita da motar da safiyar Asabar, in kwana wurin Inna, in dawo Lahadi.

Sai da na kai maganar gaban Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne uba a gare mu tun rasuwarsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ke ɗai za ki tahi, ɗiyata? Ba muharrami?" Ya karanto mini hadisin da ya hana mace tafiyar yini da kwana sai da muharraminta, ya kuma bayyana mini cewa malamai sun yi saɓani a kan iyakar tafiyar da hanin ya shafa, kuma malamanmu na Malikiyya sun yarje wa mace zuwa hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga idan ba ta da mai raka ta. Ba fatawa nake bayarwa a nan ba, kowace mace ta tambayi malaminta, abin da ya gudana a zauren Baffa kawai nake faɗa. Da ya auna lalurar Inna da gajartar hanyar, wadda ba ta wuce awa biyu da 'yan kai a mota, sai ya amince bisa sharaɗin kada in fita sai rana ta fito, kada kuma la'asar ta same ni a hanya. Ya ƙara da cewa in nemi ayarina. Ya tuna mini da jajis ɗin Nana Asma'u, dattijan matan da suke ɗora malfa a ka suna jagorantar 'Yan Taru daga ƙauyuka zuwa wurinta neman ilmi, ya ce su ma mata ne, da ƙafa suka ratsa dajin nan, amma ba a taɓa jin ɗaya ta kama hanya ba tare da an san fitarta da masaukinta ba.

Ayarin nawa a babbar tashar mota na same shi, wurin wani dattijon direba abokin marigayi, wanda ya tsufa yana jigila tsakanin Sakkwato da Jega da Yawuri. Baba nake ce masa. Ranar da ya zo gida duba motar bai fara da inji ba, tsugunawa ya yi gindin taya, ya goge ƙurar gefenta da babban yatsa, ya nuna mini lambobi huɗu da ke jere: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. Tayoyin gaba na 2015 ne. Ya ce jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ba taya daga ranar ƙira, ko da zanenta bai cinye ba, kuma a zafinmu na Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 kwalta na tiriri, tsohuwar taya ba ta sallama kafin ta fashe. Kuɗin adashina na watan a kan sababbin tayoyi biyu suka ƙare. Bayan nan ya sa ni na fito da jak da sifana, na kwance taya na ɗaura safaya da hannuna a ƙofar gida, yaran maƙwabta suna kallo suna dariya, shi kuwa yana zaune a kan benci bai ɗaga mini ko ɗan yatsa ba. Ya nuna mini yadda ake duba baƙin mai da ruwan lagireto, ya gargaɗe ni kada in kuskura in buɗe murfinsa inji na da zafi, ya kuma ce in cika tanki a cikin gari tun daren Juma'a domin kada buƙata ta tsayar da ni wurin 'yan bumburutu a inda ban zaɓa ba.

Amma abin da ya fi amfanar da ni daga gare shi shi ne karatun hanya. Kafin in fita nakan kira shi, domin direbobin da suka kwana a Jega sukan iso da labarin abin da suka gani tun kafin rediyo ya ji. Yakan faɗa mini motar da ke shirin tashi daga layinsu, in bi bayanta daga nesa, ba tare da na shiga tseren da wasunsu ke yi ba, tunda doka kilomita 80 a awa ta ba ƙaramar mota a irin wannan titi. Ya ce, "Hajiya, motocin da ke tahowa su ne jaridarki." Muddin tireloli na albasar Aliero da motocin fasinja suna wuce ni suna nufar Sakkwato, gaba lafiya take. Idan kuwa na yi tafiya mai ɗan tsawo titi ya yi tsit, ba mota ba babur, to in tsaya a gari mafi kusa in tambaya. Idan mai tahowa ya haska mini fitila yana juya hannu, in juya kawai, tambayar dalili ta biyo baya. Ganyen da ake zubawa a kan kwalta alama ce ta mota ta lalace a gaba, sai a rage gudu, amma itace ko duwatsu a gicciye a tsakiyar daji ba tare da motar jami'ai a gefe ba, wannan ba wurin tsayawa ba ne.

Ƙanwata da ke jinyar Inna ita ce ɗaya ƙarshen igiyar. Ina riƙe da layi biyu, MTN da Airtel, domin inda wannan ya ɗauke wani lokaci wancan yana nan, kuma ina kunna mata abin nuna inda nake a WhatsApp tun daga ƙofar gida. Ta san lokacin da ya kamata in wuce Bodinga da Shagari da Dogon Daji, ta kuma san idan lokacin isa Tambuwal ya gota ba ta ji ni ba, Baba za ta kira, ba zaman jira za ta yi ba. Na haddace 122 ta jami'an kiyaye haɗurra da 112 ta neman agajin gaggawa. Ban da waɗannan mutum biyu da Baffa, ba wanda ke sanin ranar tafiyata. Ina mamakin matan da ke ɗora hoton sitiyari a Facebook suna rubuta sunan garin da suka nufa alhali ba su ko fita gari ba. A ganina wannan ba neman addu'a ba ne, talla ce. Sarƙata da awarwarona a gida suke kwana, jaka tana ƙarƙashin kujera, ƙofofi a kulle.

A shingen bincike tambaya ɗaya ce kullum, ko ɗan sanda ne ko soja ko ɗan kwastan: "Hajiya, ke kaɗai?" Wasu mata sun ba ni shawarar in riƙa cewa maigidana yana motar baya. Ban ɗauka ba, domin ba na son in buɗe tafiya da addu'a in cika ta da ƙarya. Nakan sauke gilashi rabi, in yi sallama, in miƙa lasisi da takardun mota waɗanda ke ajiye a inda hannuna zai kai ba tare da na fita ba, in ce, "Ranka ya daɗe, mahaifiyata ce ba lafiya, ana jirana." Gaskiya ce, kuma ta isa ta sanar da duk mai ji cewa akwai masu ƙirga mintocina.

Wata Asabar cikin zafin nan, bayan na wuce Dogon Daji, wata mota mai maza uku ta jero da ni, na gaba ya leƙo yana nuna tayata ta baya yana mini alamar in tsaya. Motar layin Baba ta riga ta yi mini nisa, dama da hagu ba kowa sai gonakin da ba a share ba. Na ɗaga masa hannu alamar na gani, na kunna fitilun gargaɗi, na rage gudu, amma ban tsaya ba. Sun yi ta hon har suka gaji suka wuce. A haka na lallaɓa, sitiyari yana ɗan jana gefe, har na ga rumfunan farko na Tambuwal, na gangara gaban wani mai faci da ke kusa da masu sayar da fura. Tayar ta kusa zama ƙasa. Yaron ya kwance ta, ya ba ta iska, ya yayyafa mata ruwan sabulu, sai ga kumfa tana tsatstsafowa daga gindin wata ƙusa mai tsawon ɗan yatsa. Ashe bayin Allah nan gaskiya suka faɗa, kuma har yau ina yi musu addu'a. Duk da haka da za a maimaita, abin da na yi shi zan sake yi, domin daga cikin mota ba ni da hanyar rarrabe mai taimako da mai tarko, kuma taya ko da ta lalace gaba ɗaya kuɗinta sananne ne. Wata dattijuwa mai fura ta matsa mini a kan tabarmarta, ta ce, "Zamna nan, ɗiyata, rana ta yi yawa." Tun daga ranar rumfarta ta zama zangona, ita ma ta shiga cikin masu lura da wucewata.

Wannan tsari ya riƙe ni har cikin damina, sai ga abin da ya nuna mini iyakarsa. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka katse a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato. A daidai lokacin ne ƙanwar marigayi ta haihu a Gusau, surukata kuma ta aiko cewa tunda na zama direba, ni zan kai kayan barka. Hanyar ta Dange da Tureta da Talatar Mafara ce, ba wayar da za ta sanar da kowa inda nake, ba kuma direban da na sani a wannan layi. Na kira Baba, ya ce shi kansa da furfurarsa ba zai ba ni shawarar bin ta ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na ɗauki kayan na kai tasha aka yi musu rasit, na mayar da motar gareji na kulle. Yadda surukata ta karɓi wannan ƙi nawa, da zaman da dangin marigayi suka kira a kan makullin motar, shi ne abin da zan kawo a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.